Gwangwanin ƙwan atemiya: ya ci kuɗinsa, amma a san abin da ake saye

Duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san rana ta uku. Ran nan gwaiduwar da 'ya'yan kifin suka fito da ita take ƙarewa, su fara zagaya gindin baho suna neman abin sawa a baki, alhali cikinsu bai yi ƙwarin da zai narkar da busasshen abincin kamfani yadda ya kamata ba. Abin da ka ba su a wannan makon shi zai nuna ko za ka sayar da fingalin, wato ƙananan kifin da masu kiwo ke saye, ko kuwa za ka wanke baho ka sake yi wa wata uwar kifi allurar sa zubar da ƙwai. Ni atemiya nake ba nawa, wata 'yar ƙaramar dabbar ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashe ƙwanta a ba 'ya'yan kifi jariranta, kuma a kanta zan yi magana yau, wato gwangwanin nan mai giram 425 da ake shigo da shi daga Amurka, wanda aka rubuta Great Salt Lake a jikinsa, sunan tafkin gishirin da ake kwaso ƙwan. Kamfanoni da dama ne ke cika gwangwani daga wannan tafki guda. Ba zan kama sunan kowannensu ba, haka ma shagon da nake saye, saboda akwai ƙorafi a cikin maganar tawa.

Hukuncina shi ne kayan ya ci kuɗinsa, in dai na asali ne, ba a fasa shi ba, kuma bai sha rana a kan kanta ba. Sharuɗɗan nan uku ba ƙanana ba ne a kasuwarmu. Abin da ke damuna kuwa shi ne da yawanmu muna zuba kuɗi a kan wannan kaya shekara da shekaru ba mu san dabba ce mai namiji da tamace ba, balle mu san yadda take haihuwa. Wani abokin sana'a ya taɓa ce mini irin wani tsiro ne. Alhali sanin yadda take barbara da yadda take zuba ƙwai shi ya warware mini kusan komai game da gwangwanin: me ya sa yake da tsada, me ya sa ƙwan wani ke fashewa na wani ya ƙi, da yadda mutum zai gane an ba shi wani abu daban da sunan wanda ya biya.

In ka fasa murfin sabon gwangwani za ka tarar da busasshen gari mai launin ƙasa, yana zuba sumul daga cokali ba ya dunƙulewa, da ɗan warin tafki wanda ba ya hawa kai. Ƙwaya ɗaya faɗinta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne, shi ya sa giram ɗaya tak ke ɗauke da ƙwai sama da 200,000. A busasshensa ƙwan a loɓe yake. Sai ya yi awa ɗaya zuwa biyu a ruwa sannan ya kumbura ya mulmule. Abin da ke cikinsa ba ƙwai ne mai jiran namiji ba. Ɗan tayi ne da ya riga ya soma halitta a jikin uwarsa, aka tsayar da shi cak, aka rufe shi da ɓawo mai kauri. In babu danshi, babu zafi, zai iya shekaru a haka yana jira.

Ita dabbar dangin jatan lande ce da ƙaguwa, sai dai ba a teku take zaune ba. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ita kuwa tana rayuwa a tafkunan da gishirinsu ya ninka haka sau uku, sau huɗu, har fiye. Ba ta da ƙaya, ba ta da dafi, ba ta da gudu. Abin da ke kare ta kawai shi ne ta zauna a ruwan da kifi ba zai iya shiga ba. A shekarun 1930 wani masani mai suna Alvin Seale, a gidan ajiye kifaye na San Faransisko, ya nuna cewa jariran wannan dabba abinci ne mai kyau ga 'ya'yan kifi. Daga 1978 kuma Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam ta kafa cibiya sukutum a kan atemiya, kuma yawancin ƙa'idojin ƙyanƙyasar da muke bi a bayan gidajenmu daga binciken irin waɗannan wurare suka gangaro.

Yadda nake yi ba wani abin ɓoyo ba ne. Babbar robar ruwa nake yanke wa gindi in kife ta, baki a ƙasa, in rataye. Gishiri giram 25 zuwa 30 a lita, ƙwai giram 2 a lita, kada a wuce. Tiyon iska ya sauka har cikin wuyan robar yadda ruwan zai riƙa tafarfasa kada ƙwaya ɗaya ta kwanta, ƙwan fitila kuma a kunne a kusa, musamman a awannin farko. In ruwan rijiyar burtsatsenka mai ɗan tsami ne, ɗan bekin soda kaɗan yana gyara shi. Zafin da ake so digiri 28 ne ko kusa da haka, kuma a nan ne yanayin Kano ke shigowa. Da hunturu, in ba ka sa hita ko ka tsoma robar cikin bokitin ruwan ɗumi ba, abin da zai fashe a awa 24 sai ya kai ka 36 ko fiye, ka zaci kayan ne ba kyau. Da bazara kuma, ɗakin kwano da rana tsaka zai iya dafa maka su tun ba su fito ba. Famfon iska nawa a kan batirin sola yake, don in aka ɗauke wuta na awa biyu cikin dare, to ƙwan ya kwanta ya shaƙe, asara ta tabbata.

Tsakanin awa 15 zuwa 20 ɓawon ke tsagewa. In ka ɗebi ruwan a kofin gilashi ka ɗaga wa haske a daidai lokacin, za ka ga ɗan jaririn yana reto a ƙarƙashin ɓawonsa, a naɗe cikin wata 'yar fata, bai gama kuɓucewa ba. Jim kaɗan sai ya ɓalle ya fara iyo da fizge-fizge, launinsa ruwan lemo, tsawonsa bai kai rabin milimita ba, da ido ɗaya ja a tsakiyar kai. Sai in kashe iska, in rufe saman robar da baƙin yadi, in haska tocila a wuyanta na minti biyar zuwa goma. A nan nake auna kowane kaya. Ɓawo ya taso sama, wanda bai fashe ba ya kwanta can ƙasa, jarirai su taru a tsakani wajen haske. Da wannan gwangwani hawa ukun nan fes suke rabuwa, abin da ke kwanciya a ƙasa ɗan kaɗan ne, tsakiyar kuwa har ta yi duhu don yawa. Takardar jikinsa ta ce kashi 90 cikin ɗari na fashewa, kuma abin da idona ke gani bai ƙaryata ta ba.

Wanda ya tace ya ajiye ya tafi kasuwa ya yi wa kansa. Jaririn atemiya a awanninsa na farko ba ya cin komai, gwaiduwar jikinsa yake ƙonawa, ita ce kuma abincin da muke so kifinmu ya samu. Bayan awa shida zuwa takwas zai yi saɓa, ya ƙara tsawo, ya ƙara gudu, launinsa ya kwashe, maiƙonsa ya ragu. Don haka da an tace, a ɗauraye da ruwa mai kyau saboda ruwan ƙyanƙyasa cike yake da ƙwayoyin cuta, a ba kifi nan take. Ragowar a sa a firji cikin ruwan gishiri, sanyi zai riƙe su zuwa gobe. A ruwan daɗi awanni kaɗan suke yi su mutu, shi ya sa kaɗan-kaɗan ake zubawa, sau da yawa. Minti goma sha biyar bayan zubawa ka haska bahon: cikin kowane ɗan kifi ya yi tulu, ruwan lemo yana nunawa ta fatarsa. In ka ga haka a kusan dukansu, hankalinka ya kwanta, domin ɗan tarwada da ya ƙoshi ba ya saurin juyawa kan ɗan'uwansa.

Ƙorafina ya samo asali ne daga lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023. Kaya ne na dala, sai kuɗin gwangwani ya yi tashin da ƙaramin mai ƙyanƙyasa ba zai iya ɗauka gaba ɗaya ba. Masu shago suka koma awo, suna ƙulla giram hamsin ko ɗari a leda. Na je sayen irin wannan ƙulli, na tambayi mai shagon, dattijo ne da muke mutunci:

"Alhaji, wannan daga wane gwangwani aka ɗebo?"

"Irin wanda ka saba ne, Malam. Ai atemiya duk ɗaya ce."

A roba sai ta nuna ba ɗaya ba ce. Fashewar ta yi jinkiri, abin da ya kwanta a ƙasa ya yi yawa, jariran da suka fito kuma sun ɗan fi waɗanda na saba girma. Ana iya cewa leda ce ta sha iska. Amma girman jariran iska ba ta kawo shi. Sai na yanke shawarar in rene su su girma in ga ko su wane ne.

Renon ba wuya. Bokiti biyu na samu, na zuba ruwan gishiri mai ɗan ƙarfi fiye da na ƙyanƙyasa, iska a hankali ba mai tafarfasa ba, na ajiye a inuwa. Ɗaya na sa jarirai kaɗan daga gwangwanin asali, ɗaya daga ƙullin leda. Abincinsu dusar shinkafa ce da aka jiƙa aka tace ta yadi mai laushi, ko yis ɗan mitsitsi. A zuba har ruwan ya ɗan yi hazo, kada a ƙara sai ya washe. Yawan abinci shi ke kashe su, ba yunwa ba. A wurin da komai ya daidaita atemiya na balaga cikin kwana takwas, bayan ta yi saɓa wajen sau 15. A bokitin gida a ba ta mako biyu zuwa uku.

Babbar atemiya abin kallo ce, kuma ina ganin duk wanda ke cin abinci da ita ya kamata ya gan ta ko sau ɗaya. Tsawonta wajen santimita ɗaya, jikinta garai-garai har kana hango hanjinta a miƙe. A rigingine take iyo, ciki yana kallon haske. Ƙafafu 11 gare ta a kowane gefe, masu faɗi, suna kaɗawa bi da bi ba tsayawa, kuma da su take iyo, da su take numfashi, da su take tace abinci ta tura baki. Idanu biyu baƙaƙe sun fito a gefen kai a kan 'yan sanduna, ga kuma na tsakiyar nan na jarirantaka bai ɓace ba. 'Yata ce ta fara lura da abin da nake nema, tana tsugune a bakin bokitin gwangwanin asali. Ta ce, "Baba, zo ka ga, wani ya goya wani." Goyon kuwa shi ne: tamace a gaba, namiji maƙale a bayanta, suna zagaya bokitin tare, ƙafafunsu na kaɗawa lokaci guda.

Na ɗebo biyun a cokali na sa a faranti, na duba da gilashin ƙara girma. Bambancin a kai yake farawa. Namiji yana da wasu ƙahonni biyu manya a gaban kansa, masu faɗi, masu lanƙwasa, da ɗan ƙullutu a cikin kowanne. A jikin tamace waɗannan ƙahonnin ƙanana ne, na shinshina kawai. Da su yake kama ta, kuma wurin kamun ɗaya ne kullum: tsakanin ƙafafunta na ƙarshe da jakar ƙwanta. Jakar nan tana bayan ƙafa ta 11, a kumbure, kana ganinta da ido ba sai da gilashi ba. Ƙwai na samuwa ne a wasu jijiyoyi biyu da suka bi gefen hanji, su gangaro ta bututu biyu, su shiga jakar. Shi kuma namijin azzakari biyu gare shi a daidai wannan wuri na jikinsa. Riƙon yana daɗewa, awanni, wani lokaci kwanaki, amma barbarar kanta ƙiftawar ido ce: ya lanƙwaso wutsiyarsa gaba, ya shigar da ɗaya daga cikin biyun ta bakin jakar, ya miƙe, a ci gaba da iyo. Tamacen ba ta ajiye maniyyi don gaba, kowane ciki sai an sake barbara, shi ya sa namijin ba ya sakin wadda ya kama da wuri, yana jiran lokacin da ƙwanta zai sauko. A wannan bokitin maza da mata kusan rabi da rabi suke, duk inda ka duba akwai masu goyo.

Bokiti na biyu babu goyo ko ɗaya. Na bi su da cokali ɗaya bayan ɗaya, duk ƙananan ƙahonni, duk da jaka, jakunkunan kuma cike da ƙwai. Mata zalla, suna haihuwa ba namiji. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san dabbar. A tafkunan gishiri da yawa na Asiya da Turai, irin na Sibiriya da Kazakistan da wasu sassan China, akwai atemiyar da ƙwanta ke zama ɗa ba tare da barbara ba, uwa ta haifi 'ya mace irinta, ita ma ta haifi wata. Ana kwasar ƙwansu ana sayarwa a kasuwar duniya, kuma sau da yawa ƙwan da jariran sun fi na Amurka girma. Ta Great Salt Lake kuwa, wadda masana ke kira Artemia franciscana, dole sai da namiji. Saboda haka in ka reni kaya ka tarar babu namiji ko ɗaya, to ba daga wannan tafkin ya fito ba, ko me aka rubuta a jikinsa. Sai dai a yi adalci: ganin maza ba ya tabbatar da cewa daga can ne, domin ita franciscana an kai ta ƙasashe da dama ta yaɗu. Kuma ƙwan Asiya ba guba ba ne, akwai mai kyau a cikinsa, tarwada na ci ta girma. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan wani, a kuɗin wani.

Na koma na gaya wa Alhaji abin da na gani. Bai yi musu ba, ya ce shi ma a buhu aka kawo masa daga Legas aka ce iri ɗaya ne. Na yarda da shi, kuma har yanzu a wurinsa nake saye, amma rufaffen gwangwani kawai.

Akwai tambayar da kowa ke yi da zarar ya ga masu goyon nan: to me zai hana mu rene su a gida su riƙa zuba mana ƙwai mu huta da dala? Amsar tana cikin jakar tamacen. Hanya biyu take haihuwa. In ruwa ya yi mata daɗi, abinci ya wadata, gishiri bai yi yawa ba, iskar shaƙa ta isa, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikin jakar, ta saki jarirai masu rai suna iyo. In kuwa zama ya yi tsanani, gishiri ya hau, iska ta ragu, abinci ya yi ƙaranci ko sanyi ya matso, sai wasu 'yan gaɓoɓi da ke jikin jakar su fitar da sinadari mai launin ƙasa su lulluɓe kowane ɗan tayi, a tsayar da shi, ta zubar da shi a matsayin ƙwan da muke saye. Da ido ana bambancewa: jaka mai fari-fari jarirai ne, mai duhu ƙwai ne. Tamace ɗaya za ta iya yin wannan a ciki ɗaya, ta yi wancan a na gaba, kuma a yanayi mai kyau tana iya sakin har 300 duk kwana huɗu. In iska ta yi ƙaranci har jikinta ke yin ja, saboda tana ƙara sinadarin jini mai ɗaukar iska, irin wanda ke sa namu jinin ja.

Ka ga ke nan abin da ke cikin gwangwani haihuwar wahala ce. Bokitin da ka kula da shi sosai jarirai zai ba ka, ba ƙwai ba. In ma ka matsa musu suka zuba, ɗan abin da za ka tara a bakin bokiti bai cika cokalin shayi ba, kuma ba zai fashe gobe ba, domin sabon ƙwai a kulle yake da wani barci na musamman wanda sai ya sha sanyi mai tsawo ko bushewa sannan yake kwancewa. Inda aka yi nasarar noma ƙwan atemiya, kamar filayen gishiri na Vinh Chau a kudancin Vietnam da na Malindi a gaɓar tekun Kenya, ruwan teku gare su kyauta da kadada masu yawa da ake busar da shi. Mu gishirin ma a buhu muke saye.

Shi tafkin Great Salt Lake yana jihar Yuta, a yammacin Amurka. Da kaka matan ke zuba ƙwai, hunturu ya kashe manyan, ƙwan ya yi ta yawo a saman ruwa, iska ta tara shi layi-layi. Ana hango layukan daga jirgin sama, jiragen ruwa su kewaye su su zuƙe. Daga nan a wanke, a daskarar na tsawon lokaci don a karya barcin nan, a busar, a rufe a gwangwani ba iska. Hukumar kula da namun daji ta jihar ke buɗe kwasa ranar 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu, kuma in ƙwan da ya rage a ruwa ya sauko ƙasa da 21 a kowace lita sai ta rufe, don a bar iri, a kuma bar wa miliyoyin tsuntsayen da ke yada zango a wurin abincinsu. Wannan tsari yana cikin abin da ya sa nake ganin kuɗin bai tafi a banza ba. Amma tafkin na cikin hali. Fari da janye ruwan koguna zuwa gonaki sun sa a Nuwamban 2022 ya sauka ƙasa fiye da duk wani lokaci da aka taɓa aunawa, gishirinsa ya hau har ya kusa fin ƙarfin ita kanta atemiyar. Ya ɗan farfaɗo daga baya. Mai ƙyanƙyasa a Kumbotso ko Gezawa yana da ruwa da tsaki a wannan labari, domin duk shekarar da kwasa ta yi ƙasa a can, a aljihunsa zai ji.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba a gwangwanin kansa su ne waɗannan. Ya yi wa ƙaramin mai sana'a girma, kuma daga ranar da aka fasa shi ya fara mutuwa. Ƙwan yana jan danshi daga iska. Da damina, in aka bar shi a kan shiryayye da murfin roba kawai, ɗan tayin zai farka rabi-rabi ya ƙone ƙarfinsa a cikin ɓawo, bayan 'yan makonni ka ga abin da ke kwanciya a ƙasa yana ƙaruwa. Bayanin jikinsa kuma da Turanci ne zalla, da ƙananan haruffa, an rubuta shi ne don mai wutar da ba ta ɗaukewa da ɗakin da zafinsa ba ya canzawa. Kuɗin da muke biya ya isa a ce masu shigo da kayan sun liƙa 'yar takarda da Hausa mai faɗin gishiri nawa, ƙwai nawa, zafi nawa, a ajiye a ina. Sannan ɓawon nan, duk kyawun rabuwarsa, in ka yi garaje wajen tacewa zai bi ka cikin baho, ɗan kifi ba ya narkar da shi, yana iya toshe masa ciki.

Saboda ɓawon ne wasu suka koma wa atemiyar da aka riga aka cire wa ɓawo da sinadarin bilic, mai launin lemo, wadda ake jiƙawa a zuba kai tsaye. Tarwada na cin ta sosai, ba ta bukatar famfon iska ko jiran awa 24, kuma ga wanda ba shi da tsayayyar wuta ita ce mafita. Aibinta ba ta motsi, tana nutsewa, abin da ba a ci ba yana ɓata ruwa da wuri, sai ka dage da zuƙe gindin baho. Ni nakan fara da mai rai a kwanakin farko, in haɗa da maras ɓawo, sannan in shigo da garin kamfani mafi laushi a hankali. Akwai kuma moina, 'yar ƙwaron ruwan daɗin nan da ake renawa da kashin kaji. Ita ma dangin ce, kuma haihuwarta ta yi kama: mata zalla ke haifar mata muddin ruwa na da daɗi, sai cunkoso ko yunwa ta zo sannan maza su bayyana, a yi barbara, a zuba ƙwai mai jure bushewa. Kyauta ce kusan, amma ruwan da ake renonta na iya shigo maka da cuta da ƙwarin da ke cin 'ya'yan kifi, kuma takan ƙare rana ɗaya ba sallama, sau da yawa a daidai lokacin da kake bukatarta.

Wanda ke ƙyanƙyasa duk mako ya sayi gwangwaninsa shi kaɗai. Wanda ke yi jefi-jefi ya nemi abokan sana'a biyu ko uku su haɗa kuɗi, su je tare, su duba murfin bai kumbura ba, bai yi tsatsa ba, da lambar kaya da kwanan wata a jikinsa, su kuma lura ko a inuwa yake ajiye a shagon. A fasa shi a gaban kowa, a ranar da babu hadari, a raba da busasshen cokali cikin ƙananan kwalabe masu matsattsen murfi, kowace ta ɗauki abin da zai ƙare a mako biyu. Kwalaben su shiga firji. In za a yi amfani da ɗaya, a fito da ita a bar ta ta huce a rufe kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan ƙwan. Daga rabon kuma kowa ya ware ɗan abin da bai kai kan cokali ba ya rena a bokiti, ya duba ko akwai maza.